Baƙon da ke shiga gida ba sallama

Ina gaida ƴan makarantun yaƙi da jahilci, maza da mata, musamman na ƙasar Dakoro: mutanen Kornaka, da Birnin Lalle, da Sabon Mashi, da Ɗan Gulbi, da Sakabal. Wanda ke riƙe da takardar ga, ya karanta sannu-sannu. In ya gamu da kalma mai wuya, ya tsaya, ya sake. Ba gaggawa.

Yau hirarmu a kan salula ce da ɗiyanmu.

Kowa ya san al'adar gidan Bahaushe. Baƙo in ya zo, a ƙofa yake tsayawa. Ya yi sallama, a amsa. Mai gida ya fito, ya dube shi, ya tambaye shi daga ina, ɗan wane ne, mi ke tafe da shi. Ko saurayi ne ya zo zance wurin ɗiyarka, a fili yake zama, kuma kafin kwana uku ka san ubansa da kakansa. To, yau akwai baƙon da ba ya tsayawa a ƙofa. Yana wuce zaure, ya wuce mai gida, ya shiga har ɗaki, tsakar dare. Ta cikin waya yake shiga.

Yadda waya ta shigo gidajenmu

A ƙasarmu, da an gama aikin gona samari sun kama hanyar biɗa. Wani Libiya, wani Aljeriya, wani Kano ko Legas, wani Abijan. Abu na farko da suke aikowa gida, bayan kuɗin hatsi, shi ne babbar waya, wadda ake shafawa da yatsa. Dalili mai kyau ne: a ji muryar juna, a ga fuskar jariri, a san an aiko kuɗi. Ni kaina ban ƙi waya ba. Makiyayi yana jin farashin dabbobi da ita tun bai kai kasuwa ba. Mace mai naƙuda ana kiran mota da ita.

Amma ku duba abu guda. In waya ta zo gida, wa ke riƙe ta? Baba bai iya ba. Inna tana tsoron ta taɓa ta ɓata. Sai a miƙa wa yaro ɗan shekara 11 ko yarinya ƴar shekara 13. Shi ke kai ta caji. Shi ke sa kiredi. Shi ke buɗe saƙo. Shi ya san lambar sirrin da ake buɗe ta. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne. Sai dai a cikin waya yaron ne ya hau rimin, babba yana ƙasa, bai ma san inda ake kallo ba.

Mine ne intanet?

Ku ɗauka kasuwa ce. Kasuwar da ta fi ta Maraɗi girma, ba ta tashi dare da rana. Layin Airtel, ko Moov, ko Zamani, shi ne motar da ke kai ka. WhatsApp, da Facebook, da TikTok, da Instagram, rumfuna ne a cikinta. Akwai malamai a kasuwar ga, akwai ƴan uwa, akwai masu ciniki na gaskiya. Akwai kuma ɓarayi.

Bambancinta da kasuwar Dakoro guda ne. A kasuwar Dakoro kana ganin fuskar wanda kake magana da shi. A intanet hoto kake gani, da suna. Hoton kuwa ana iya sato shi. Sunan ana iya ƙaga shi. Ƙato mai shekara 40 yana iya sa hoton budurwa, ya ce sunansa na mata ne. Yana iya sa hoton soja, ko na ɗan kasuwa a gaban mota. Yau har murya ana iya sauya ta da na'ura. Yaro bai san haka ba. Abin da idonsa ya gani, shi ya gaskata.

Yadda maharbin yara ke aiki

Kun taɓa ganin mai kamun tsuntsu? Ba ya jifa, ba ya kuwwa. Tsaba yake watsawa. Yau nesa da tarko, gobe kusa, jibi a cikin tarko. Mugun mutum a waya haka yake yi. Ku saurara da kyau, don nan ne gindin maganar.

Da farko gaisuwa ce kawai. "Sannu ƙanwata. Na ga lambarki a wani zauren WhatsApp." Ko ya ce kuskuren lamba ne, amma muryar ta yi masa daɗi. Ba ya faɗin kalmar banza ko guda. Yana iya fi ka ladabi. Yana iya aiko wa'azi da safe, da addu'ar Juma'a.

Sai yabo. Yarinyar da tun asuba take daka da ɗaukar ruwa, ba wanda ya ce mata sannu, ga wani yana ce mata ta fi kowa hankali, ta fi kowa kyau. Yaron da kullum ake ce masa sakarai, ga wani yana kiransa babban mutum. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar bangon, sau da yawa, mu iyaye muka yi ta.

Sai kyauta. Kiredin dala ɗari. Gobe jika guda. Wata rana ya ce zai aiko sabuwar waya, ko atamfar Salla. Yaro ya ji an yi masa alheri, ya ji nauyi. Wanda ya ci na mutum, kunyar ce masa a'a yake ji.

Sai sirri. Wannan ita ce alama mafi girma. "Kada ki gaya wa inna, ba za ta gane ba." "In kin karanta ki goge." "Mu bari sai dare, in kowa ya yi barci." Ku riƙe wagga magana: duk babban da ya ce wa yaro ya ɓoye wa iyayensa hulɗarsu, ba alheri ke ransa ba. Mai niyyar aure gidanku yake aiko manyansa. Mai niyyar taimako ba ya gudun uba.

Bayan sirri, sai hoto. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗa a fili. Yana fara roƙon hoton fuska. Sai ya ce a cire kallabi. Sai ya ce a cire riga. Wani shi ke fara aiko hoton tsiraici, ya ce nasa ne, saura naki. Da hoto ya shiga hannunsa, sai murya ta sauya. Mai cewa "ƙanwata" jiya, yau yana cewa: "Ki aiko kuɗi, ko ki zo inda na ce, ko in watsa hoton ga garinku duka su gani." Tarko ya rufe.

Wannan ba tatsuniya ba ce

A watan Maris na 2022, a jihar Mishigan ta ƙasar Amurka, wani yaro ɗan shekara 17 ya samu saƙo a Instagram. Ya ɗauka budurwa ce. Ashe samari ne a Legas. Suka yaudare shi ya aika hoton tsiraicinsa. Nan take suka ce ya biya dalar Amurka 1000, ko su aika wa danginsa da abokansa. Ya biya 300, abin da yake da shi ke nan. Ba su bar shi ba. Kafin gari ya waye yaron ya kashe kansa. Abin duka bai kai awa 6 ba. Iyayensa ba su san komi ba sai da safe. An kama ƴan uwa biyu, wa da ƙane, aka kai su Amurka a 2023. A watan Satumba na 2024 aka ɗaure kowanensu shekara 17 da wata 6.

Ku lura, wannan namiji ne. Mutane da yawa suna tsaron ɗiya mace, su saki namiji. Kuskure ne. Masu biɗar kuɗi da hoto samari suka fi farauta, don sun san namiji ya fi jin nauyin faɗa.

A watan Yuli na 2024, kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya ba da sanarwa cewa ya rufe shafukan Instagram wajen dubu 63 a Najeriya, na masu irin wanga aiki. Dubu 63! Najeriya kuwa ba nesa take da mu ba. Daga Maraɗi zuwa Jibiya tafiyar hantsi ce, kuma waya ba ta san iyaka ba, ba ta tsayawa a duwan.

Babba ma bai tsira ba. A watan Yuli na 2012, wata ɗalibar jami'a ta jihar Nasarawa, mai shekara 24, ta yi sabo da wasu maza a Facebook. Suka ce ƴan kasuwa ne, suka biya mata kuɗin jirgi zuwa Legas. A ɗakin otel suka kashe ta. A 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. In mai ilmin jami'a ta faɗa, ina ga ƴar talla?

Wani zai ce: "Malam, wannan Amurka ce da Legas. Mu nan ƙauye, wa ya san da mu?" To, kura ba kullum daga nesa take zuwa ba. Mai yaudarar yaro a waya yana iya zama ɗan garinku. Yana iya zama wanda ke sayen ƙosai ko gyaɗa a wurin ɗiyarka, ya ce ta ba shi lamba don ya riƙa kira in yana so. Yana iya samun lambar a zauren WhatsApp na ƴan aji ko na dangi. Yana iya zama mai zama a rumfar caji, inda waya ke wuni a hannun wasu. Ba na zargin masu caji, sana'a ce ta halal, akasarinsu mutanen kirki ne. Amma wayar da ba ta da lambar sirri, duk wanda ya ɗauka yana ganin abin da ke ciki.

Akwai kuma tarkon aiki. A ce wa yarinya an samo mata aikin gida a Yamai ko Agadas, abinci kyauta, albashi kowane wata, ga kuɗin mota an aiko. A ce wa yaro ga aiki a wurin haƙar zinariya. Yaro ya sulale ba sallama. Wannan shi ake kira fataucin mutane. Ƙasarmu ta kafa doka a kansa tun watan Disamba na 2010, kuma akwai hukuma ta musamman mai yaƙi da shi.

Mi ya sa yaro ke yin shiru?

Nan nake so mu daɗe kaɗan. Na taɓa yin wagga tambaya a aji. Na ce: "In ɗiyarka ta zo ta ce maka ta aika wa wani hoton da bai dace ba, mi za ka yi?" Wani dattijo bai ko tsaya tunani ba. Ya ce: "Sai na karya ta, in fasa wayar." Aji ya yi dariya. Wata tsohuwa da ke zaune baya ba ta yi dariya ba. Ta ce: "Shi ya sa ba za ta gaya maka ba."

Tsohuwar ga ta fi mu duka karatu a ranar.

Ku yi tunani. Mugun nan ba ya da bindiga. Ba ya iya taɓa yaron, wata ƙila ma yana wata ƙasa. Da mi yake riƙe shi? Da tsoronku yake riƙe shi. Yana cewa: "In babanki ya gani, kin san abin da zai yi miki." Yarinya ta auna: ga mugu a waya, ga bulala a gida, ga bakin mutanen gari, ga maganar aure da za ta lalace. Sai ta zaɓi shiru. Ta saci kuɗin talla ta aika. Ta saida akuyarta a ɓoye. Ko ta tafi inda ya kira ta. Ashe bulalar da uba ya ajiye don tsaron gida, ita ce mugu ya ara yake kora masa ɗiya.

Ban ce a bar horo ba. Yaro yana son kwaɓa. Amma akwai ranar horo, akwai ranar ceto. Wanda ya faɗa rijiya, igiya ake fara jefa masa. Faɗan mi ya kai ka bakin rijiya, sai ya fito.

Don haka ga aikin da ya fi kowane, kuma ba ya cin ko dala. Ka kira ɗanka, ki kira ɗiyarki, tun ba abin da ya faru. A faɗa masa da baki: "In wani ya tsorata ka a waya, ko mi ka riga ka yi, ka zo ka gaya mani. Ba zan buge ka ba. Ni da kai za mu tsaya." Na san al'adarmu. Akwai kunya tsakanin uwa da ɗan fari, akwai maganar da uba ba ya iya yi da ɗiya mace. To, a sa gwaggo, ko kaka, ko yaya, ko kawu. Kaka da jika ba su da shamaki. Abin da ake so, kowane yaro ya san mutum guda babba da zai iya tunkara ba fargaba.

Kuma ku sa ido. Yaro mai fara'a ya koma shiru. Ba ya cin tuwo. Waya ta yi ƙara ya zabura, ko ya ruga bayan ɗaki. Kun ga sabon abu a hannunsa, ko kiredi ba ya ƙare masa, ba ku kuka saya ba. Kuɗin talla ya fara ɓata. Ɗaya daga cikin waɗannan ba hujja ba ce, yara suna da halinsu. Amma in sun taru, a zauna da shi cikin lalama.

In abin ya riga ya faru

Kada ku biya. Wanda aka ba jika biyar yau, gobe goma zai ce. Kun ji yaron Amurka ya biya, ba a bar shi ba.

Kada ku goge saƙonnin, kada ku fasa wayar. Su ne shaida. Ku rubuta lambar mutumin a takarda, da sunan da yake amfani da shi, da ranar da ya fara, da lambar da ya ce a aika kuɗi. Kun ga amfanin karatunku? Bara sai kun biɗi mai rubuta muku, asirinku ya fita. Bana da hannunku za ku rubuta. Bayan an adana shaida, a daina amsa masa, a toshe lambarsa.

Daga nan sai wurin hukuma: jandarma, ko ƴan sanda. A Dakoro akwai gidan shari'a, kuma dokar ƙasa ta tanadi alƙalin yara. In garinku akwai kwamitin kare yara, a sanar da shi. In kuna jin nauyin zuwa ku kaɗai, mai gari ko liman ko malamin lakwal ya raka ku. Na san abin da ake cewa: a bar kaza cikin gashinta, a rufa asiri. Amma wanda kuka rufa wa asiri, gobe gidan maƙwabci zai shiga.

Doka tana bayanku. Ranar 3 ga watan Yuli na 2019 Nijar ta kafa doka mai lamba 2019-33, ta hukunta laifuffukan da ake yi da waya da kwamfuta. An yi mata gyara a 2022 da 2024, tana nan tana aiki. A cikinta, ɗaukar hoton batsa na yaro laifi ne. Watsa shi laifi ne. Ajiye shi a waya ma laifi ne. Hukuncin ɗauri ne da tara. Yaro kuwa a idon doka shi ne wanda bai cika shekara 18 ba.

Wannan ya shafi kowa, har ƴan fada masu shan shayi. In hoton ɗiyar wani ya faɗo wayarka, kada ka ce "bari in tura wa wane ya gani". Da ka tura, ka zama abokin aikin mugun, a wurin Allah da wurin hukuma. Yarinyar da aka yaudara ba ita ce mai laifi ba. A bar yi da ita a bakin rijiya.

Kuma a daren da yaro ya faɗa muku, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai. Zuciyarsa a ƙuntace take. Wani babba ya kwana kusa da shi. A gaya masa abin zai wuce.

Ƴan dabaru na kullum

Waya ta kwana a ɗakin manya. Yawancin ɓarnar ga da dare ake yin ta. Kamfanonin WhatsApp da Facebook da TikTok da kansu sun ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi. Yara suna ƙara wa kansu shekaru, ba mai tambayarsu takardar haihuwa. Ke nan ku ne masu tambaya. A nawa ra'ayi, ko shekara 13 ɗin ta yi kaɗan a sakar wa yaro waya shi kaɗai.

Lambar sirrin waya, mai gida ko uwar gida su san ta. A koya wa yaro abu uku da ba a ba baƙo: hoto, da sunan unguwa ko lakwal, da alƙawarin haɗuwa. Kuma ku bar yaron ya zama malaminku. Ku ce: "Zo ka gwada mani yadda ake buɗe wanga abu." Zai ji daɗi, ku kuma za ku ga su wa yake magana da su, ba tare da kun yi masa kwanton ɓauna ba.

Ga aikin gida. Kowa ya buɗe wayar gidansu tare da yaron da ke riƙe ta. Ku karanta sunayen da ke ciki, ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, kamar yadda muke karatu a allo. Duk sunan da ba ku sani ba, ku tambaya: wane ne wannan, ɗan wane ne, a ina kuka san juna? Sa'an nan ku tambayi mai gari lambar jandarman da ke kusa da ku, ku rubuta ta a bangon littafinku na karatu. Ku zo da littafin aji, malaminku zai duba ko lambobin sun zauna daidai.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.